Shin allurar PRP za ta iya dawo da gashin girar da ya zube?

Tambaya ce daga wata baiwar Allah a cikin birnin Kano. Ta ce tun lokacin bikinta ake aske mata gira ana zana mata da jagira, yanzu ta daina amma gashin ya ƙi dawowa yadda yake, musamman ta wajen jela. Ta ga ana tallan wata allura da ake kira PRP, wai ana ɗibar jinin mutum a tace a mayar masa a gira gashi ya fito. Tana son sanin ko gaskiya ne, ko akwai haɗari, da abin da ya kamata ta yi kafin ta kashe kuɗinta.

Hajiya, PRP abu ne na gaskiya da likitocin fata ke amfani da shi, ba damfara ba ne a asalinsa. Sai dai aikinsa yana da iyaka: tushen gashin da ke raye amma ya yi rauni shi yake ƙarfafawa, ba ya ƙirƙirar sabon tushe a inda ya mutu. Kamar taki ne, yana taimakon gonar da ke da iri a cikinta, amma in babu iri ko buhu nawa aka zuba ba abin da zai tsiro. Don haka kafin a yi maganar allura, sai an san abin da ya zubar da girar, da kuma ko tushen na nan.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, da farare, da wasu 'yan ƙanana da ake kira filatilet, waɗanda su ne ke taruwa su toshe rauni idan mutum ya yanke. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini. Bayan toshe rauni, suna ɗauke da sinadaran da ke sa nama ya gyaru, irin su PDGF da VEGF da EGF, masu sa sabbin ƙananan jijiyoyin jini su fito, su kuma zaburar da ƙwayoyin fata. Abin da ake yi a PRP shi ne a tattara filatilet ɗin a cikin ɗan ruwan jini kaɗan har yawansu ya ninka na jiki sau uku zuwa biyar, sannan a zuba su kusa da tushen gashi, da fatan gashin ya daɗe a matakin girma ya kuma yi kauri.

Kusan duk binciken da aka yi a kan amfanin wannan allura ga gashi, a gashin kai aka yi shi, a kan sanƙon gado na maza da mata, da kuma ciwon nan da gashi ke zubewa a da'ira-da'ira. A can an ga ƙaruwar yawan gashi ga mutane da dama, ko da yake kowane asibiti da yadda yake haɗa nasa, shi ya sa sakamakon ke bambanta. A kan gira kuwa binciken kaɗan ne ƙwarai, yawanci hasashe ake yi daga abin da aka gani a kai. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta amince da PRP a matsayin maganin zubewar gashi ba, likitoci ne ke amfani da shi bisa nasu nazari. Duk wanda ya yi miki alkawarin cewa tabbas gira za ta cika, ya faɗi abin da ilimi bai tabbatar ba.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wato dalilin zubewar. Aski da reza kaɗai ba ya kashe tushen gashi, don a saman fata yake yankewa. Girar da aka aske takan dawo cikin wata huɗu zuwa shida, saboda gashin gira a hankali yake tafiya, bai kai rabin saurin gashin kai ba. Abin da ke lalata tushe shi ne tsigewa da hantsaki ko zare, ko cirewa da halawa a kai a kai tsawon shekaru. Kowace tsigewa ƙaramin rauni ce, in ta yawaita sai tushen ya ƙanƙance, wani ya mutu gaba ɗaya. To in aski kawai aka riƙa yi miki, kuma kin fi wata shida da dainawa amma jelar ba ta dawo ba, akwai alamar wani abu ne daban, ya kamata a bincika.

Zubewar kashi ɗaya cikin uku na gira ta ɓangaren kunne tsohuwar alama ce da likitoci suka sani ta raunin halittar tayirod, wadda ke gaban wuya, wadda in ta kumbura ake samun maƙoƙo. Yakan zo da kasala, da jin sanyi, da ƙarin ƙiba, da bushewar fata, da rikicewar al'ada. Gwajin jini na TSH ne ke nunawa, kuma in shi ne, ƙwayar magani ce ke dawo da gashin, allura ba ta da abin yi a nan. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ma yana zubar da gashi, kuma ya yi yawa a cikin matanmu saboda haihuwa kusa-kusa da zubar jinin al'ada. Gwajin feritin ake yi, don mace na iya samun jininta bai faɗi sosai ba amma ajiyar ƙarfen ta ƙare. In kuma jego kike yi, gashi yakan fara zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ya dawo da kansa kafin yaro ya shekara.

Akwai wanda mutane ba sa son a ambata, amma ɓoye shi cutarwa ne. Kuturta tana zubar da gira, kuma daga jela take farawa. Har yanzu ana samunta a Arewa. In tare da zubewar akwai wani fili a fata da ya yi haske kuma ba a jin taɓi a wurin, ko tafin hannu da ƙafa suna mutuwa, ko fatar kunne ta yi kauri, ko hanci ya daɗe a toshe, a je a gwada ba tare da jin kunya ba. Asibitin Yadakunya da ke Kano, wanda aka fi sani da Bela, ya daɗe yana wannan aiki, maganin kyauta ne, na wata shida ko sha biyu, kuma ana warkewa. Tunjere ma a mataki na biyu yakan sa gira ta yi gibi-gibi, gwajin jini mai sauƙi ke gano shi.

Sai cututtukan fatar wurin. Amosani yakan sauko gira ya sa ƙaiƙayi da ɓarewa, sosawar ta karya gashi. Baƙin rini da ake zana gira da shi, wanda sau da yawa ake haɗawa da lalle don ya yi baƙi wuluk, yana ɗauke da sinadarin PPD mai sa wasu kumburi da ƙuraje, in aka yi ta maimaitawa gashi ya zube. Man shafawa na ƙara haske masu ɗauke da sitiroyid suna sa fata ta yi siriri ta yi saurin rauni. Akwai kuma ciwon da garkuwar jiki ke afka wa tushen gashi, a ga fili sumul kamar an share, a gira ko a kai. Mafi wahala shi ne wanda ke barin tabo a ƙarƙashin fata, wanda ya fi kama matan da suka daina al'ada: gira ta fara tafiya, sannan gashin goshi ya riƙa ja da baya. Wannan in ba a tare shi da wuri da maganin da ya dace ba, abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma ɓata watanni ana PRP asarar lokaci ce da ba a iya ramawa.

Likitan fata yana da ɗan madubi mai fitila da yake ɗorawa a kan gira. In ya ga ƙofofin gashi a buɗe da 'yan siraran gashi marasa launi, tushe na nan, akwai abin da za a yi. In fatar ta yi santsi tana sheƙi babu ko ƙofa ɗaya, tabo ya riga ya ci wurin. Duba ne na minti biyar, kuma shi ke raba wadda allurar za ta iya amfana da wadda za ta yi asara. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, daga nan ya dace ki fara. Gwaje-gwajen da aka saba nema su ne ƙidayar ƙwayoyin jini gaba ɗaya, da feritin, da TSH, sai na tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta in likita ya ga dama.

In an bincika an ga tushe na raye, babu wata cuta a ƙasa ko an riga an magance ta, ga yadda aikin ke tafiya a hannun wanda ya iya.

Mako guda kafin ranar za a ce ki bar ibuprofen da diclofenac da makamantansu, saboda suna hana filatilet sakin abin da ke cikinsu. Ki lura, yawancin magungunan ciwon jiki da ake haɗa wa mutane a kemis suna ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Farasitamol ba shi da matsala. Asfirin yana raunana filatilet har kwana bakwai zuwa goma, amma in likita ne ya ɗora ki a kansa saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ki daina shi don gira, gara a haƙura da allurar. In kin yi zazzaɓin cizon sauro kwanan nan a jinkirta, don maleriya tana rage filatilet sosai, a bari ki warke a sake ƙidaya. Ki ci abinci ki sha ruwa sosai a ranar. Saboda haka ba a so a sa shi da rana a cikin azumi, musamman lokacin zafin Kano, jijiya takan ɓuya kuma jiri ya fi saurin ɗibar mutum.

Za a wanke gira a goge duk wani jagira da hoda, a shafa man kashe zafi na lidokain a bar shi minti 30 zuwa 45. A wannan lokacin ake ɗibar jini daga hannu, mililita 10 zuwa 20 sun isa gira biyu. Kwalbar da ake zuba shi ta musamman ce, mai ɗauke da sitiret da ke hana jini daskarewa, wadda aka ƙera don a mayar da abin cikinta jikin mutum. A nan ake yawan yin kuskure: wasu na amfani da kwalaben gwaji na lab, masu murfi ruwan hoda ko shuni da ke ɗauke da EDTA, ko masu jan murfi da babu komai a ciki. Ta farko tana lalata filatilet, ta biyu jini ke daskarewa a ciki ya tafi da su, kuma duka biyun ba a yi su don allura ba.

Daga nan sai na'urar da ke wulwula kwalba ta raba jini gida-gida. Juyin farko a hankali ake yinsa, misali zagaye 1,500 a minti ɗaya na kimanin minti 10, ko da yake adadin ya danganta da girman na'urar da umarnin masu kwalbar. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwa mai launin rawaya ya taso sama, a tsakani a ga wani siririn farin layi. Filatilet sun fi yawa a ruwan da ke dab da wannan layi. Wasu a nan suke tsayawa su zuƙo, wasu su sake juya ruwan da ƙarfi don filatilet su taru a gindi, su zubar da kashi biyu cikin uku na sama su bar na ƙasa. Daga mililita 10 na jini abin da ake samu mai kyau bai fi mililita 1 zuwa 2 ba. In kika ga an cika babban sirinji fal daga 'yar kwalba ɗaya, ruwan jini ne kawai aka kwaso ba a tattara komai ba. In kuma ya fito ja, jajayen ƙwayoyi sun shiga, zai fi zafi da kumburi, ya kuma iya barin duhu a fata. Gudun da ya wuce kima yana fasa filatilet tun a cikin kwalba. Wasu likitoci na ɗiga kalsiyam don su tayar da su kafin allura, in an yi haka dole a yi amfani da shi nan take, don cikin 'yan mintuna yake yin kauri ya toshe allura.

Allurar siririya ce ƙwarai, mai lamba 30. Ana shiga kimanin milimita 2, daidai zurfin tushen gashin gira, a zuba ɗigo kaɗan, 0.05 zuwa 0.1 na mililita a kowane wuri, a matsa kamar rabin santimita zuwa ɗaya a sake, har a bi girar daga kai zuwa jela. Kowace gira takan ci rabin mililita zuwa ɗaya. Za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar cizon sauro a jere, sukan baje cikin sa'o'i.

A nan ne sanin jikin ɗan Adam yake da muhimmanci. Ƙarƙashin gira, ta ɓangaren da ke kusa da hanci, akwai jijiyoyin jini biyu da ke fitowa daga cikin kwarmin ido su hau goshi, kuma reshe ne na jijiyar da ke ciyar da idon kansa. In allura ta yi zurfi ta shiga ɗaya daga ciki aka danna da ƙarfi, abin da aka zuba yana iya komawa baya ya toshe jinin ido. Abu ne mai wuyar faruwa, amma likitoci sun rubuta rahoton mutanen da suka rasa gani bayan allurar PRP a fuska. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za mu ce kada ki yarda a yi miki a shagon kwalliya ko gidan gyaran jiki, komai kyan wurin. In ana cikin yi ko bayan an gama kika ji gani ya dushe, ko ido ya ɗau ciwo mai tsanani, ko fatar goshi ta yi fari fat, a tsaya a nufi sashen gaggawa a take, mintuna ne ke aiki a nan.

Haɗari na biyu shi ne tsabta. Ana cewa ai jininki ne ba abin tsoro, amma wannan gaskiya ne kawai in allura da sirinji da kwalba duk sababbi ne, kuma ba a haɗa kwalbarki da ta wata ba. A jihar New Mexico ta Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayar da rahoto a 2024 cewa mata uku sun kamu da cutar ƙanjamau ta dalilin irin wannan gyaran fuska da jini a wani wuri mara lasisi da aka rufe a 2018. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa ta wannan hanya. Ki sa a buɗe komai a gabanki, a rubuta sunanki a jikin kwalba kina gani, kuma in da hali na'urar ta kasance a ɗakin da kike. Ki tambayi ko mai allurar likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ko kuma wurin yana da rajista da PHIMA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a Kano. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Akwai waɗanda ba a yi musu: mai ciki, mai ƙarancin filatilet ko ciwon zubar jini, mai shan maganin hana jini daskarewa irin su warfarin, mai sankarar jini, mai ƙurji ko wani ciwo a wurin. Mai sikila da wadda jininta ya yi ƙasa sosai sai da shawarar likitan jini. In jikinki na yin tabo mai tasowa, irin wanda ke fitowa a kunne bayan huji, ki faɗa tun farko, don ya fi yawa a baƙar fata kuma a fuska ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan an gama, kumburi da ɗan ja na kwana ɗaya zuwa biyu ba abin damuwa ba ne, wani lokaci fatar ido ta sama takan kumbura da safe, ko jini ya ɗan kwanta na mako guda. Kada ruwa ya taɓa wurin na sa'o'i huɗu zuwa shida, shi ya sa ya fi a yi da hantsi, kafin alwalar Azahar lokacin ya cika, ki wanke a hankali ba tare da dirzawa ba. Jagira da hoda da kwalli a bar su sai bayan kwana ɗaya cur, dilka da halawa da turara fuska sai bayan mako. In bayan kwana biyu ja da zafi suna ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi ya zo, ƙwayar cuta ta shiga, ki koma asibiti.

Ba a yin sau ɗaya a ce an gama. Tsarin da aka saba shi ne zama uku, mako huɗu tsakanin kowanne, sannan ƙari bayan wata huɗu zuwa shida in an ga amfani. Kada ki sa ran ganin komai kafin wata biyu zuwa uku, kuma abin da ke fara fitowa siraran gashi ne masu laushi kafin su yi baƙi. Ido yana yaudara, don haka ki ɗauki hoto kafin a fara, fuska ba kwalliya, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, ki riƙa maimaitawa duk wata. In an yi zama uku, wata shida ya cika hotuna ba su nuna bambanci ba, ki tsaya, zama na huɗu da na biyar ba za su canja komai ba. Lokacin tambayar farashi ma ki nemi kuɗin zama ukun gaba ɗaya da na gwaje-gwaje, don na zama ɗaya da ake tallatawa ba shi ne ainihin abin da za ki kashe ba.

A ganinmu, ga yawancin mata irinki PRP ba shi ne matakin farko ba. Akwai magungunan shafawa biyu da aka gwada a kan gira kai tsaye aka ga sun fi rashin magani, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Ɗaya minoxidil ne mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, ana ɗiga kaɗan a auduga mai tsinke a shafa a layin gira kawai, a kiyaye ido, a jira kimanin wata huɗu. In ya zarce zuwa goshi ko kumatu zai fitar da gashi a can, kuma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Ɗayan bimatoprost ne na kashi 0.03, asalinsa maganin hawan jinin ido, ana shafawa sau ɗaya a rana, amma yana iya sa fatar wurin ta yi duhu, in yana shiga ido ya sa shi ja. Dukansu in aka daina, gashin da suka kawo yakan koma a hankali, kuma sai da takardar likita ya kamata a fara su. In ciwon garkuwar jiki ne, allurar sitiroyid mai suna triamcinolone, marar ƙarfi sosai, a cikin fatar gira duk mako huɗu zuwa shida ita ce aka fi sani, ta kuma fi PRP tarin hujja, sai dai in ta yi yawa fata takan lotsa.

Inda tabo ya riga ya ci tushe, dashen gashi ne kaɗai ke dawo da gira ta gaske. Ana ciro gashi ɗai-ɗai daga ƙeya a dasa a kwance, ana bin yadda girar ke karkata, kuma sai cutar da ta jawo tabon ta kwanta tukuna. Gashin da aka dasa yana riƙe halinsa na gashin kai, zai yi ta tsawo, don haka sai an riƙa datse shi da almakashi duk mako ɗaya ko biyu.